Kwabo Shida

In mutum yana cikin birnin Katsina ya nufi gabas, watau wajen Mani da Daura, ta Ƙofar Durbi zai fita. Sunan ƙofar daga sarautar Durbi aka samo shi, shi ne hakimin Mani, kuma can cikin ƙasarsa ne tsofaffin kusheyin nan na Durbi-ta-Kusheyi su ke, inda a ke cewa sarakunan farko na ƙasar su ke kwance. A wata unguwa dab da wannan ƙofa aka yanke mini cibiya, nan na yi wayo, nan kuma na ci wani bashi ina ɗan shekara goma sha biyu, wanda har yau da furfura ta game mini kai ban sami mai shi na biya ba. Bashin ba wani mai yawa ba ne, kwabo shida ne kacal. Labarinsa na ke so in ba mai karatu.

Amma sai na fara faɗin ko mu su wane ne, don na sha ganin mutum ya riƙe baki in ya ji an ce ga Bakatsine, Bahaushe gaba da baya, amma Kirista. Kakana na wajen uba manomi ne a wani ƙauye kudu da birni, kuturta ta kama shi yana tsakiyar ƙarfinsa. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka danƙa wa Turawan mishan na S.I.M. riƙon asibitin kutare na Babbar Ruga, a yamma da birni kan hanyar Batsari, kamar yadda aka ba su na Yadakunya a Kano da na Amanawa a ƙasar Sakkwato. Can aka kai kakana, ubana kuwa ya bi shi yana ɗan yaro don ya riƙa yi masa aike. Maganin da a ke yi a lokacin allura ce ta wani mai da a ke tatsa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Hindu, ga zafi, ga shi bai cika warkarwa ba. Sai bayan yaƙin Hitila aka sami ƙwayar nan ta dafson, ita ce ta tsai da cutar, amma kafin nan ta riga ta ɗauke wa tsohon yatsu uku. A wannan zama ne ubana ya koyi karatun boko, littafin da ya koya da shi kuwa shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932, aikin su Likita Mila na Zariya. Nan uba da ɗa suka ba da gaskiya ga Almasihu. Ekklisiyar da ta tsiro daga aikin mishan ɗin ta tsaya da ƙafafunta a 1954 da sunan E.C.W.A., cikinta aka haife mu. Mu ba mu da yawa a birni, har yau ma haka, ko da ya ke a 2023 'yan'uwanmu na Katolika sun sami bishop na kansu a Katsina, Gerald Mamman Musa, Bahaushe haifaffen wannan ƙasa.

Da ubana ya girma ya shigo birni, sai ya kama sana'ar awo, ya kafa 'yar rumfarsa kan hanyar da mutanen ƙauye ke bi su shigo ta ƙofa. Ba da sauƙi ya sami masu saye ba, don ɗan kuturu ne, kuma ba ya salla. Abin da ya jawo masa mutane sannu a hankali abu biyu ne. Na farko, ba ya rantsuwa. Wanda ya san kasuwa ya san rantsuwa ita ce gishirin ciniki, mai saye ya rantse ba shi da ko anini bayan abin da ya taya, mai sayarwa ya rantse ko uwar kuɗi bai mayar ba, alhali su duka biyu sun san abin da ke nan. Shi kuwa sai ya faɗi kuɗin tiya sau ɗaya ya yi shiru. In an matsa masa a ce ya rantse, sai ya ce an hana shi, Ubangijinsa ya ce i ɗinsa da a'a ɗinsa su ishe shi.

Na biyun shi ne ya fi ba ma'auna 'yan'uwansa haushi. In gero na bara ne, ko ƙwari sun fara taɓa shi, sai ya faɗa tun ba a tambaye shi ba. Na sha ganin mace ta riga ta shimfiɗa zane za a zuba mata, ya ce, “Dakata, baiwar Allah, wannan buhun na bara ne, in na fura ki ke so ba zai yi miki daɗi ba.” Wata ta gode ta saya a kan rahusa, wata ta naɗe zanenta ta wuce rumfar gaba. Dabarun sana'ar kuwa duk ya san su, shi ya nuna mini su ɗaya ɗaya: yadda a ke bubbuga gindin kwano ya shige ciki, yadda a ke cusa babban yatsa cikin awo, yadda a ke ajiye tiya biyu, babba ta saye da ƙarama ta sayarwa, da yadda a ke zuba tsaba mai kyau a bakin buhu a bar mai tsakuwa a ƙasa. Ya ce ya nuna mini ne don kada a yi mini, ba don in yi ba.

Da dare, in an ci tuwo an wanke hannu, sai Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta kawo fitilar ƙwai. Baba ya karanta abin da ya sawwaƙa, mu yi waƙa ɗaya a hankali don kada mu dami maƙwabta, sa'an nan a durƙusa. Addu'a bi da bi mu ke yi, yau wannan gobe wancan, har ƙananan da ba su iya kome ba sai Addu'ar Ubangiji. Amma kafin a rufe ido yana da wata tambaya wadda bai taɓa tsallake ta ba ko dare ɗaya. Sai ya dube mu ya ce, “Akwai mai haƙƙin wani a hannunsa?” Ya samo wannan daga Bisharar Matta sura ta biyar, inda aka umurci mai kawo baiko, in ya tuna ɗan'uwansa yana da ƙara a kansa, ya ajiye baikon tukuna ya je su shirya. Yawancin dare ba mai cewa kome. Wani dare ƙanwata ta ce ta aro allura ba ta mayar ba, a yi dariya, a ce gobe da safe ta kai. Mu yara mun ɗauki tambayar kamar sallama ce kawai, abin da a ke faɗa kafin a shiga.

To, sai ga shekarar 1973. Waɗanda suka gan ta ba su manta da ita ba. Damina ta yi ta gazawa, fari ya game ƙasashen bakin hamada tun daga Senegal har Cadi, shanu suna faɗuwa a kan hanya, mutanen arewa da mu suna ta kwararowa birni da 'yan ƙullin kayansu. Hatsi ya yi tsada irin wadda manya suka ce sun daɗe ba su gani ba. Cikin wannan hali kuma aka sake kuɗi. Ran 1 ga Janairu na shekarar aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo. Fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Nan ne rikicin ya ke, don tsohon kwabo, mai huda a tsakiya, goma sha biyu ne ke yin sule, sabon kuwa, wanda ba shi da huda, mai hoton rijiyoyin mai a bayansa, goma ne. Suna ɗaya, daraja dabam. Mu 'yan makaranta an koya mana lissafin a allo har mun haddace. Mutanen ƙauye kuwa, musamman mata, sun daɗe suna ƙirga sabo da ƙidayar tsoho.

Ran nan da la'asar Baba ya tafi jana'izar wani maƙwabcinmu, ya bar ni a rumfa. Sai ga wata mace ta tsaya, da goyo a bayanta da wani ɗan yaro riƙe da gefen zanenta. Ƙafafunta fari fat da ƙura, da gani ka san daga nesa ta fito. Ta ce akuyarta ta sayar, a auna mata gero na sule uku. Na auna mata daidai, ban tauye ko ƙwaya ba, har na ƙara mata gyara kamar yadda na ga Baba na yi. Ta kwance haɓar zanenta ta zazzage kuɗi, duka sababbin kwabbai ne jajaye. Ta durƙusa ta shiga ƙirgawa a kan buhu, tana kasa su kashi kashi, ko wane kashi goma sha biyu. Ina tsaye ina kallo. Tun a kashin farko na ga kuskuren. Na buɗe baki, sai na dubi hagu na dubi dama, ba mai kallonmu, na mai da bakina na rufe. Ta tura mini kashi uku, kwabo talatin da shida a maimakon talatin. Ta ɗaura sauran, ba su fi huɗu ko biyar ba, ta aza geronta a ka. Har ta juya, sai ta waiwayo ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka cika mini awo.” Ta bi hanyar ƙofa ta fita.

Na zuba talatin cikin jakar Baba, shida cikin aljihuna. Ina tafe gida ina kare kaina a zuci, kuma hujjojina ba su da rauni ko kaɗan. Ban yi mata ƙarya ba. Ban ce sule kwabo goma sha biyu ne ba, ita ta ƙirga da hannunta. Ban tauye mudu ba, ban rantse ba, ban taɓa kuɗin Baba ba. Duk dokokin rumfarmu ba wadda na karya. Na tsaya na sayi alewa ta kwabo biyu na shanye kafin in kai gida.

Ashe daren nan ni ke da addu'a. Baba ya yi tambayarsa, na sunkuyar da kai, aka wuce. Aka durƙusa, na fara. Na yi godiya don kwana da tashi, na roƙa wa masu makoki haƙuri, duk lafiya lau. Sa'an nan na shiga Addu'ar Ubangiji don in rufe, wadda ko cikin barci aka tashe ni sai in kawo ta. Da na iso wurin da a ke roƙon abincin da za a ci a ranar, sai na ga hannun matar nan yana kasa kwabbai a kan buhu, da idon ɗan yaron yana bin tiya. Harshena ya kafe. Na koma baya na sake ɗaukowa, na zo wurin na sake tsayawa. Tsakar gida ta yi tsit, ba ka jin kome sai kukan gyare. Ƙanena ya raɗa mini kalmar da ke gaba, yana tsammani mantuwa na yi. Daga nan sai kuka ya ƙwace mini.

Baba bai ce a ci gaba ba, bai kuma ƙarasa mini ba. Ya ce kowa ya tashi zaune. Ni ne ɗan fari, ba ya kiran sunana, sai ya ce, “Kai, mene ne a hannunka?” Na fito da kwabo huɗu na ajiye a gaban fitila, na faɗi yadda aka yi. Da na zo ƙarshe na ƙara da cewa, “Amma Baba, ban yi mata ƙarya ba.”

Ya ce, “Ka san abin da ba ta sani ba?”

Na ce, “I.”

Ya ce, “Shirun da ka yi, wa ya ci ribarsa?”

Ban amsa ba. Na jira bulala, ba ta zo ba, da ma ta zo da na fi samun barci. Ya ce a kashe fitila, yau ba za a ƙarasa addu'a a gidan nan ba sai an nemi mai haƙƙi. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an kwanta a gidanmu ba a ce amin ba sai ran nan.

Ladan na kiran assalatu ya tashe ni. Muka tsaya a bakin Ƙofar Durbi gari bai gama wayewa ba, masu shigowa suna ta wucewa, Fulani da ƙoren nono, masu jakuna da itace, masu kaji a akurki. Duk wanda ya zo Baba ya gaishe shi ya tambaya ko ya ga wata mace jiya da maraice, mai goyo da ɗan yaro, ɗauke da gero. Wannan kuwa a shekarar nan kamar ka tambayi ko an ga tsuntsu a sama ne. Wani ya ce ya ga irinta wajen goma. Muka fita muka bi hanyar Mani a ƙasa, duk ƙauyen da muka tarar a bakin hanya mu ratsa mu yi sallama, har rana ta take tsaka. Ba wanda ya san ta. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba, ban ma tabbata zan gane fuskarta ba, don hannunta na kalla, ba fuskarta ba. Muka komo da azahar, rumfa a rufe tun safe. Inna, wadda ita ke lissafin abin da ke shiga tukunya, ta ce, “Malam, wannan ai garin neman gira ne za a rasa ido. Cinikin da aka yi hasara yau ya ninka kwabo shida sau nawa?” Ba ta yi ƙarya ba, kuma har yau ban ga laifinta ba. Baba ya ce ya sani.

Kwabo biyun da na ci, sai da na yi dakon kaya na kwana uku na mayar da su. Aka haɗa shida aka zuba cikin wani gwangwanin madara, aka rataye a rumfa, ko Allah zai sa ta komo. Addu'a kuwa Baba ya yarda aka koma yi, don ya ce an nema iyakar ƙoƙari, amma ko wane dare sai an sa matar a ciki, kuma ni ke sa ta.

Akwai wani malami maƙwabcinmu mai makarantar allo, shi da Baba sun shekara ashirin suna zama a dakali ɗaya da maraice, ba wanda ya ja wani zuwa addininsa, ba kuma wanda ya ɓoye nasa. Da aka yi watanni gwangwani na rataye, Baba ya kai masa maganar. Ina zaune a gefe ina ji. Malam ya ce su ma a Alƙur'ani akwai sura sukutum da aka sa wa sunan masu tauye awo, kuma Annabi Shu'aibu a kan mudu da sikeli ya yi ta gargaɗin mutanen Madyana. Baba ya ce haka Annabi Amos ya yi faɗa da masu ƙanƙanta mudu suna sayar wa matalauta da ɓuntu. Sa'an nan Malam ya ce abin da malamansu suka koya musu shi ne, haƙƙin da aka nemi mai shi aka rasa, sai a yi sadaka da shi da niyyar ladan ya tafi ga mai shi, in kuma ya bayyana daga baya a biya shi. Baba ya yi shiru, ya ce wannan shawara ta yi masa, sai dai zai ƙara mata abu ɗaya daga nasa littafin, don Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, riɓi huɗu ya yi alkawarin mayarwa. Kashegari ya auna gero na kwabo ashirin da huɗu, ya aza mini a ka, na kai wa baƙin da yunwa ta koro suna zaune a gindin ganuwa. Kwabo shidan kuwa aka bar su cikin gwangwani.

A kan hanyar komowa na ce, “Baba, yanzu ai mutane za su ce Kiristoci masu gaskiya ne.” Na faɗi haka ne don in faranta masa, don na sha ji a majami'a ana cewa mu da mu ke kaɗan, halinmu shi ne wa'azinmu. Sai ya tsaya cak ya ce, “Wa ya gaya maka don su na ke yi? In don a faɗa ne, ai da na sa an yi shela. Ni dai so na ke in na durƙusa da dare bakina ya buɗu.”

Da ma a ce daga ran nan ban sake ba, da labarin ya yi daɗin ji. Amma irin shirun nan na sake yinsa, ba sau ɗaya ba.

Sunana sunan annabi ne, irin wanda Musulmi da Kirista duka su ke sa wa 'ya'yansu, haka ma na ubana. Sa'ad da na gama makaranta na je neman aikin akawu, dattijon da ke ɗauka ya dubi takarduna ya ce, “Ai kai namu ne.” Na ɗauka addini ya ke nufi, na yi murmushi na yi shiru. Na sami aikin. Wata huɗu ina wasan ɓuya, da an kira azahar sai in sami abin da zai fitar da ni. Da na gaji, ran nan na shiga ofishinsa na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, akwai abin da ban faɗa maka ba, ni Kirista ne.” Ya cire tabarau ya yi dariya ya ce, “Yaro, geron da aka yi kunun sunan 'ya'yana da shi a rumfar ubanka aka auno. Da na ce kai namu ne, ɗan gari na ke nufi. Jira na ke in ga ranar da za ka gaji da zagayawa bayan gida.” Ban ce duk wanda ya faɗa zai gamu da irin wannan dattijo ba. Na san waɗanda suka faɗa aka miƙo musu takardunsu, kuma ba ni da bakin da zan zargi yaron da ya ga haka ya yi shiru. Ni dai kunyar da na ji ran nan ta ishe ni.

Na ukun shi ne mai nauyi, kuma bayan rasuwar Baba ya faru. Ina riƙe da sito a wani wurin aiki, aka kawo takin zamani da za a raba wa manoma. A takarda buhu ɗari, a ƙasa tamanin. Na ƙirga sau biyu. Ba wanda ya ce mini in yi ƙarya, takarda kawai aka turo gabana da alƙalami, na sa hannu. Bayan kwana biyu na tarar da ambulan a cikin aljihun teburina, ban tambayi wanda ya sa ba. Ran Lahadi na cire wani abu daga ciki na jefa a baiko. A lokacin ina cikin dattawan ekklisiya, aka ce in yi addu'ar rufewa. Na miƙe na yi ta, doguwa, mai daɗi, ba inda na yi tuntuɓe, har na roƙa wa manoma damina mai albarka, jama'a suka amsa da amin mai ƙarfi. Na zo wurin nan na roƙon abincin yini na wuce shi sumul kamar keke a gangara.

Wannan shi ne abin da ke ba ni tsoro in na tuna. Ina ɗan shekara goma sha biyu kwabo shida sun ɗaure mini harshe, ina ɗan arba'in buhu ashirin ba su ko sa na yi tari ba. Da na ɗauka in addu'a ta fito a sauƙaƙe alamar lafiya ce. Yanzu na ga tana iya zama irin ta ƙafar kakana, wadda ya kan taka garwashi da ita bai ji ba. Shi ya sa ba na saurin yaba wa zamanin nan namu da yawan addu'a, ko da ya ke ta yi yawa ƙwarai, ana kwana ana yi da lasifika, a majami'u da masallatai duka, mudun kasuwa kuwa bai ƙara girma ba. Ban faɗi wannan don in soki kowa ba, da kaina na fara.

Na shekara biyu a haka. Sai da Inna ta rasu muna kwashe kayan ɗakinta, na ɗaga wata tsohuwar fanteka, sai ga gwangwanin madara a ƙarƙashi, ya yi tsatsa. Ita da ta ce ana neman gira za a rasa ido, ita ce ta adana shi tun ranar da aka rushe rumfa. Na girgiza, na ji suna ciki. Daren nan na tara iyalina a tsakar gida, na yi tambayar Baba wadda na daɗe da dainawa, kafin wani ya yi magana na amsa da kaina, a gaban matata da 'ya'yana. Babbar 'yata ba ta dube ni ba har kwana uku. Manoman da aka ci takinsu ban san su ba, kamar yadda ban san matar ba, don haka na bi shawarar Malam, na sayar da babur ɗina na sayi taki na kai wani ƙauye aka raba. Bai kai buhu ashirin ba, balle riɓi huɗu. Na kuma roƙa aka ɗauke ni daga sito aka mai da ni wurin da ba a kawo ambulan, abokan aiki suka ce na taɓu.

Yanzu ganuwa ta zube, gidaje sun haye inda baƙin nan suka zauna, hanyar ƙofa ta zama kwalta, motoci da Keke Napep ba su barin mutum ya tsallaka cikin natsuwa. Kwabo kansa ya ɓace daga kasuwa, ko almajiri ka miƙa wa ba zai karɓa ba. Matar, in da rai, ta haura tamanin. Ɗan yaron da ke riƙe da zanenta ya yi jikoki, watakila ma na sha gaisawa da shi a kasuwa. In na bi ta Ƙofar Durbi da safe na ga tsohuwa ta shigo daga gabas da kaya a ka, har yanzu sai na rage tafiya na dubi hannunta.

Gwangwanin yana kan kanta a ɗakina. Kwanan baya jikana ya hau kujera ya ɗauko shi, ya zazzage a kan tabarma ya ƙirga, ya ce, “Kaka, wannan kuɗin wane ne?” Na ce na wata mata ce, ya mayar ya rufe.